Shekara 17 ban san abin da aka cire mini ba

Aikin farko da nake yi kullum idan na shiga aji shi ne rubuta kwanan wata a can saman allo, ta hannun dama. Shekara 35 na yi ina haka, daga 1985 har na ajiye aiki a 2020. A shekarun ƙarshe sai na ga hannuna ba ya kai wa inda ya saba. Na fara yin ɗage, daga baya ɗagen ma ya daina isa, na koma rubutawa ƙasa-ƙasa. Har faɗa na taɓa yi wa masinjan makaranta, wai ya sa an ɗaga allon lokacin da aka yi fenti. Allah ya ba shi haƙuri, allon siminti ne, a jikin bango yake tun kafin a haife shi. Ni ce nake komawa ƙasa ban sani ba.

Abin ya samo asali ne tun 2005, ina da shekara 43, da 'ya'ya 6. Na yi kusan shekara 3 ina fama da zubar jini. Al'adar da ta saba yi mini kwana 5 ta koma kwana 12, wani watan ma ban san inda ta tsaya ba balle in san ranar da zan yi wanka in koma salla. Guda-guda yake zuba. Na rame, tafin hannuna ya yi fari fat, idan na hau matakalar ofishin hedimasta guda uku sai na tsaya na huta. Cikina kuma ya taso har mata suna yi mini barka. Da aka yi hoto aka ce ƙari ne a mahaifa, wanda likitoci ke kira faiburoid, kuma ba ɗaya ba ne. Sau biyu ana ƙara mini jini kafin likita ya ce babu abin da ya rage sai a cire mahaifar.

Ba ni na sa hannu ba. Mijina, Malam, aka kira ofis, ya fito idonsa ja ya ce mini, "Kin ga, rai ya fi komai. Na sa hannu." Aka yi aiki, na kwana 8 a asibiti, aka sallame ni da maganin ƙarin jini, aka ce in dawo bayan mako 6 a duba ɗinki. Na koma, aka duba, aka ce ya warke sumul. Daga ranar babu wanda ya sake nemana, ni ma ban sake neman kowa ba.

Ina so a fahimce ni tun nan, don kada wata mai irin larurata ta karanta ta gudu daga asibiti. Aikin nan ya ceci raina. Da ba a yi shi ba, da wuya in kai yau. Ko yanzu aka mayar da ni 2005, zan sake kwanciya a kan gadon nan. Ƙorafina a kan abin da ba a gaya mini ba ne, da kuma abin da ni ma na ƙi tambaya.

Na ƙi tambaya ne saboda kunya. A wajenmu mace ta ce an cire mata mahaifa kamar ta tsaya a tsakar gida ne ta yi shelar cewa ta tashi daga aiki. Ina da abokiyar zama, a lokacin tana kan haihuwa, kuma duk da muna zaman lafiya ban so maganar ta shiga kunnenta ba. Sai muka shirya da Malam da Yayata cewa "aikin ƙari" aka yi mini. Haka na gaya wa 'ya'yana, haka na gaya wa malaman makaranta. Mutum uku ne kawai suka san gaskiya, kuma mu ukun duka rabin gaskiyar muka sani.

Ko mako biyu ban yi da dawowa gida ba jikina ya canza. Zafi ne zai taso mini daga ƙirji ya haura fuska kamar an buɗe bakin tanda, gumi ya jiƙa ni sharkaf, bayan minti kaɗan kuma in hau rawar sanyi. A tsakiyar hunturu, kowa na neman bargo, ni ina fitowa tsakar gida ƙarfe biyun dare ina fifita da murfin kwano. Barci ya ƙaurace mini. Na zama mafaɗaciya, yaron da bai yi komai ba sai in rufe shi da faɗa, in shiga ɗaki in yi kuka. Akwai kuma abin da ya shafi shimfiɗa, wanda ba zan tsawaita a kansa ba, matan da suka shiga wannan hali sun san bushewar da nake nufi. Yayata ta ce iska ce ta shige ni a asibiti. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na yi wanka da saiwoyin da ban san sunansu ba. Bayan shekara 4 ko 5 abin ya lafa don kansa, na ce Alhamdulillahi, an rabu da bukar.

Sai ciwon jiki ya maye gurbinsa. Baya, ƙugu, gwiwa. Kowa na cewa sanyin ƙashi ne, ni ma na karɓa. Akwai wani mai kemis a unguwarmu da ke ba da abin da ake kira haɗi: ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda, ka haɗiya gaba ɗaya. Wallahi yana aiki. Idan na sha da dare, da safe sai in tashi garau kamar budurwa. Na yi shekaru ina sha, da farko sai ciwo ya matsa, daga baya kusan kullum. Fuskata ta cika ta yi zagaye, mata suna cewa, "Malama, hutu ya karɓe ki." Ban san cewa ƙaramar farar ƙwayar da ke cikin ledar ita ce irin wadda 'yan mata ke sha don ƙiba, wadda ake kira sha-ka-fashe ba.

Karaya ta farko ta zo a watan Disambar 2019. Na fito alwalar asuba, simintin bakin rariya da danshi, silifas ya zame, na dafa ƙasa da hannun hagu. Ba wata faɗuwa ba ce, irin wadda yaro zai yi ya tashi ya karkaɗe riga. Amma wuyan hannuna ya karye, ya lanƙwashe kamar cokali. Aka kai ni wajen mai ɗori, dattijo ne da ya gaji sana'ar, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karare. Yana ɗaurewa ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malama, shekarunki nawa? Wannan ƙashin ya girme ki." Muka yi dariya. Hannun ya haɗe, ɗan karkace, har yau ba na iya murɗa wanki da shi. Babu wanda ya tambayi dalilin da zai sa ƙashin mace mai shekara 57 ya karye don ta dafa ƙasa.

Ta biyun ita ce ta tona komai. A 2022 babbar 'yata ta zo hutu da ɗanta, yana da wata 8, yaro mai jiki, tubarkalla. Yana ta rigima uwarsa tana girki, na ce kawo shi in goya. Na sunkuya, na ɗago shi ta hammata zan wurga shi baya yadda na yi wa 'ya'ya 6 da jikoki ban san adadi ba, sai na ji wani abu ya ce ƙas a tsakiyar bayana. Allah ya taimake ni ban saki yaron ba. Na durƙusa na ajiye shi, daga nan ban iya miƙewa ba. Numfashi ma ciwo ne. Kwana 3 ina kwance ana shafa mini man zafi, kafin 'yar tawa ta ce ita dai ba za ta koma gidanta ba sai an kai ni asibiti.

Aka yi hoton baya. Likitar da muka samu yarinya ce, ba ta fi sa'ar 'yata ba. Ta ɗaga hoton a fitila ta nuna mana ƙasusuwan baya a jere kamar tubala, sai biyu daga ciki da suka bambanta, sun lotsa ta gaba kamar an taka gwangwani. Ta ce ɗaya sabo ne, ɗayan kuma ya daɗe, ya karye ya warke a haka ban sani ba. Ta ce haka abin yake, yawancin irin wannan karaya ta baya ba a gane ta, mace tana ɗauka ciwon baya ne na yau da kullum, sai dai a ga tana raguwa tana ranƙwafawa. Ta sa aka auna tsawona: santimita 158. A takardar gwajin lafiyar da na yi lokacin ɗaukar aiki 163 aka rubuta. Nan allo ya faɗo mini a rai.

Sai ta tambaye ni, "Mama, kina da shekara nawa kika daina al'ada?"

Na yi shiru. 'Yata tana zaune a gefe. Shekara 17 ina riƙe da maganar nan, ga shi ciwo ya kawo ni inda ba zan iya ƙarya ba. Na ce, "Ban daina don kaina ba. An cire mini mahaifa a 2005."

'Yata ta juyo, "Umma, ba ƙari kika ce an cire ba?"

Likitar ba ta bari muka tsaya a nan ba. Ta ce, "Mama, da ma'ajiyar ƙwai aka haɗa, ko an bar miki su?"

Na ce, "Wace ma'ajiyar ƙwai?"

Ni malama ce, na koyar da kimiyya a aji 6, na zana sassan jiki a allo ba sau ɗaya ba. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa aikin cire mahaifa iri-iri ne ba. Ta zana mini a bayan kati: ga mahaifa, ga wasu 'yan ƙullutai biyu a gefenta, dama da hagu, kowanne bai wuce girman ɗan goro ba. Ta ce mahaifa ɗaki ce kawai da ɗa ke kwana. Waɗannan biyun su ne ke fitar da ƙwai, kuma su ne ke samar da sinadarin mata da ake kira isturojin. Ana iya cire mahaifa a bar su, su ci gaba da aikinsu har lokacin da Allah ya ɗibar musu, wanda ga yawancin mata yana tsakanin shekara 45 da 55. Idan kuwa aka haɗa da su, to a ranar jikin mace yake shiga halin wadda shekaru suka sa ta daina al'ada. Abin da jiki ya saba yi a hankali cikin shekaru, sai ya auku a dare ɗaya. Da na ba ta labarin fifita da murfin kwano a hunturu, sai ta ce kusan ta san amsar, amma in nemo takarda.

A asibitin da aka yi aikin an ce fayil ɗin ya ɓata. Malam ne ya tuna da akwatinsa na ƙarfe, inda yake ajiye takardun gida da na gona. A can ƙasa, cikin wata ambulan da ta yi ja, muka samu takardar sallama. Rubutun likita ne, ba ya karantuwa, sai haruffa shida manya: TAH da BSO. Ukun farko na nufin an cire mahaifa gaba ɗaya ta hanyar yanka ciki. Ukun ƙarshe na nufin an haɗa da ma'ajiyar ƙwai biyu da bututunsu. Duk wadda aka yi wa wannan aiki, ta nemo takardarta ta duba ko haruffan ƙarshen nan suna ciki.

Da dare na tambayi Malam, "Malam, lokacin da ka sa hannu, an gaya maka har da waɗannan za a cire?" Ya daɗe bai amsa ba. Ya ce, "An ce za a cire abin da ke neman kashe ki. Ban tambayi sunansa ba." Ban ga laifinsa ba. Na ma daina ganin laifin wanda ya yi aikin kamar yadda na gani a makon farko, don likitar ta bayyana mini cewa a wancan zamani haka aka saba yi a wurare da yawa: idan mace ta haura 40 kuma an riga an buɗe ciki, sai a haɗa da ma'ajiyar ƙwai don gudun kada kansa ta kama su nan gaba. Yanzu tunani ya canza, idan lafiyarsu ƙalau kuma mace ba ta cikin masu haɗarin wannan kansar, an fi son a bar su. Ta ce kuma akwai maganin da ake ba irina, isturojin ɗin ne ake mayar wa jiki ta ƙwaya ko ta abin mannawa a fata, har mace ta kai shekarun da da ma za ta daina al'ada, in dai ba ta da wata larura da ta hana. Amma a 2002 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka da ya tsorata likitocin duniya game da wannan magani, alhali yawancin matan da aka yi binciken a kansu sun haura 60, ba irina 'yar 43 ba. Na faɗo a daidai lokacin da kowa ke tsoron rubuta shi. Duk na ji wannan. Abin da har yau ban haɗiye ba shi ne, minti biyar ya isa a zaunar da ni, ni mai jikin, a ce: ga abin da muka cire, ga abin da zai biyo baya, ki kula da ƙashinki.

Yadda ta kwatanta mini aikin ƙashi ya zauna mini, don na tashi a gidan ƙasa. Ƙashi ba dutse ba ne, abu ne mai rai. Kullum akwai masu kankare tsohon, akwai masu yaɓa sabo, kamar katangar da damina ke zaizayewa ana yi mata yaɓe da rani. Tun daga yarinta har wajen shekara 30 masu yaɓe sun fi yawa, katanga tana kauri. Daga nan sai a yi kunnen doki. Isturojin shi ne ke riƙe hannun masu kankara. Ranar da ya tafi sai su samu sake, mace tana iya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashinta a shekara 5 na farko. Wadda ta daina al'ada a 51 da wadda aka yanke mata a 43, ta biyun ta ba da tazarar shekara 8 ana kankara babu mai tsawatarwa. Sannan ni na ƙara da nawa: farar ƙwayar cikin haɗi, dangin deksametason da firednisolon, tana kashe ƙarfin masu yaɓen ne. An saki masu rushewa, ni kuma na kori magina da kuɗina. Wannan ciwon na ƙashi ba ya zafi, ba ya kumburi, kamar gara a cikin katako, sai ranar da aka jingina.

Ta ce ko waɗanda aka bar wa ma'ajiyar ƙwai kada su saki jiki. Wani lokaci takan gaji da wuri bayan aikin, kuma tunda babu jinin wata da za a ga ya ɗauke, mace ba ta da alamar da za ta gane lokacin ya yi, sai dai ta zafin jiki da gumin dare.

Gwajin da ke auna ƙarfin ƙashi babu na'urarsa a garinmu, sai da muka je Abuja bayan bayan ya ɗan lafa. Sunan na'urar deksa, na yi dariya da na ji, na ce deksa ta ɓata, deksa za ta auna. Kuɗin gwaji da na mota sun kusa cinye fanshona na wata. Ba a huda ka, ba a saka ka cikin rami, kwanciya kawai za ka yi wani hannu ya bi ta kan ƙugu da baya, kamar minti 15. Sakamakon lamba ce da ake kwatanta ƙashinka da na matashi mai lafiya. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tun 1994, daga -1 zuwa sama lafiya ne, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara sirancewa, daga -2.5 zuwa ƙasa kuwa cutar ta tabbata, wadda a asibiti suke kira ostiyoforosis, ni kuma nake ce mata zaizayar ƙashi. Tawa lambar a baya -3.1 ce.

A hanyar dawowa ina ta tunanin Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu. Ta ranƙwafa har sai ta karkata kai take ganin fuskar mutum, muna yara muna cewa tsufa ne. Wata rana ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya karye, ba ta sake takawa ba, kafin shekara ta zagayo ta rasu. Aka ce kwana ya ƙare, kuma haka ne, kwana ya ƙare. Amma yanzu na san cewa cikin tsofaffin da ƙugunsu ke karyewa, kusan 1 cikin 5 ba sa kai shekara, saboda abin da doguwar kwanciya ke jawowa. Na kuma san cewa a duniya ana ƙiyasta mace 1 cikin 3 da suka haura 50 za ta samu karaya saboda raunin ƙashi. An daɗe ana ɗauka cutar Turawa ce. Ni dai da na fara ƙirga tsofaffin danginmu da suka ranƙwafa, yatsun hannuna ba su isa ba. Ba mu da sunan abin ne kawai, sai muka haɗa shi da tsufa muka rufe.

A shekaruna an ce lokacin fara isturojin ya wuce. Aka ɗora ni a kan wata ƙwaya mai suna alendironet, miligiram 70, sau ɗaya a mako. Kafin in fara sai da aka tura ni wajen likitan haƙori aka cire wani turmi da ya ruɓe, don an fi son a gama duk aikin haƙori tukuna. Ƙwayar tana da sharuɗɗa kamar amarya. Da safe za a sha, ciki babu komai, da ruwa zalla cike da kofi, ba shayi ba koko. Sannan minti 30 ba kwanciya, ba cin komai, sai a zauna a miƙe ko a tsaya, in ba haka ba tana ƙona maƙogwaro. Na zaɓi ranar Juma'a, ina sha in zauna in karanta Kahfi, kafin in idar lokacin ya cika. Da azumi kuwa, ranar shanta sai in riga kowa tashi, in sha, in jira rabin awata, sannan in yi sahur. Haɗin mai kemis kuma ba a bari na yanke shi rana ɗaya ba, an ce wanda jikinsa ya saba da irin ƙwayar nan yankewa farat ɗaya haɗari ne, a hankali aka janye ni. Watannin nan na sha wuya, duk ciwon da na binne shekaru ya taso.

An ce mace irina tana bukatar kalsiyam wajen miligiram 1,200 a rana, kofin madara ɗaya kuma yana ba da kamar 300. Da na lissafa abin da nake ci, koko da ƙosai da safe, shinkafa da rana, tuwo da dare, na ga ban kama hanya ba. Abin haushi, abubuwan duk suna bakin ƙofa. Kindirmo, wanda na raina na bar wa yara. Kuka, da muke kira miyar talaka. Zogale, riɗi, ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, da tamba, wadda wata maƙwabciyata 'yar Filato ta koya mini yin kununta. Sauran ana cikawa da ƙwaya, haɗe da bitamin D. Shi kuma wannan daga rana jiki ke samunsa, sai ga shi a ƙasar da rana ke gasa mutane an auna jinina an ce ya yi ƙasa. Da na duba rayuwata ban yi mamaki ba: daga ɗaki zuwa Keke Napep a lulluɓe, daga nan zuwa aji, in dawo ɗaki. Yanzu da hantsi nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda babu idon kowa, in buɗe hannuwa da ƙafafu in yi tsintar shinkafa.

Gidan ma sai da aka sake masa tsari. Tsintsiyar hannu ta bar ni, an sayo mai doguwar sanda, don sunkuyo da murɗa baya su ne abokan gabata. Bahon wanki ya hau benci. An sa ƙarfen dafawa a banɗaki, an fasa simintin bakin rariya an yi mai kaushi, an sa fitila mai caji a hanyar da nake bi da asuba. Silifas ɗin roba na kyautar. An sauke igiyar shanya. Kullum bayan la'asar ina zagaya unguwa na minti 30, in dawo in yi tashi-zauna a kujera ba tare da dafawa ba, yara suna ƙirga mini suna dariya.

Abin da ya fi yi mini nauyi salla ce. Watanni na yi ina yi a kujera. Na san hukuncin, na san an sauƙaƙa wa wanda ba zai iya tsayuwa ba ya zauna, ni da kaina na koyar da shi a Islamiyya. Amma sanin hukunci daban, ka ga goshinka ya kasa kai wa ƙasa daban. Wata rana ina karatu na zo farkon Suratu Maryam, inda Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yake kai kuka ga Ubangijinsa cewa ƙashinsa ya yi rauni. Na karanta ayar nan sau ɗari a rayuwata, ranar ce na fara jin ta a bayana. Yanzu ina tsayuwa, ina sujada a hankali da bayana a miƙe yadda mai gashin ƙashi ta nuna mini, ranar da jiki ya ƙi kuma in koma kujera ba tare da kuka ba.

Abokiyar zamana ta ji komai a ƙarshe, ba ta bakin kowa ba sai nawa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ai na sani tun a shekarar. Na ga kin daina ajiye salla." Shekara 17 ina ɓoye wa matar da ke ƙirga mini kwanaki. Bara ƙanwarta ta samu irin ƙarina, aka sa mata ranar aiki. Ni na raka ta ganin likita, na zauna a gefe da sandata, na ce ta tambaya da bakinta: za a bar ma'ajiyar ƙwai ko za a cire, in za a cire mene ne dalili, kuma me za a ba ta bayan nan. Likitan ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke ma'aikaciyar lafiya ce?" Na ce a'a, tsohuwar majinyaciya ce. An bar mata nata.

A 2024 na koma Abuja aka sake aunawa, lambar ta dawo -2.8. Likitata ta yi murna fiye da ni, ta ce abin da take nema shi ne kada a sake karaya, kuma ba a sake ba. Santimita 5 ɗin nan dai sun tafi, ba sa dawowa. Goyo ma an haramta mini. Yaron da na so goyawa yanzu ya shiga nazare, ya samu ƙanwa. Ranar suna uwarsu ta kawo ta, ta tsaya tana dubana, ta san abin da ke raina. Na ce ta jira. Na gyara zama a tabarma, na jingina bayana da bango, na sa matashi a cinya, sannan na ce, "To, ajiye mini ita nan."